Ƙanena ya daina ƙwaya sau uku, sau uku yana komawa: ina gyaran yake?

Yayan_Gida_Gwale:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ban taɓa cewa uffan ba, amma yau abin ya fi ƙarfin in yi shiru. Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, shekarunsa 24, wanda ya fara shan tiramol shekara huɗu da suka wuce lokacin da yake lodin kaya a kasuwa, wai don kada ya ji gajiya. Daga baya ya haɗa da maganin tari mai kodin. Sau uku yana dainawa da kansa, ba tare da kowa ya tilasta masa ba. Na farko ya yi kwana tara, na biyu ya kai wata guda, na uku kuwa tun daga farkon azumi har bayan babbar salla ba mu ga alamar komai a tare da shi ba, har mahaifiyarmu ta yi sadaka don godiya ga Allah. Makon jiya na tsinci katin ƙwaya a aljihun rigarsa, an ɓalle fiye da rabi.

Yanzu kan manyan gidanmu ya rabu. Kawunmu ya ce a kai shi inda za a tsare shi har sai ya manta da ita, gwaggonmu ta ce a yi masa aure domin nauyin iyali zai natsar da shi, ni kuwa zuciyata ta fara raya mini cewa hali zanen dutse ne. Abin da nake tambaya shi ne: akwai wanda ya daina a cikinku, dainawa ta gaskiya, ko ya ga wanda ya daina da idonsa? Me ya riƙe shi bai koma ba? Ba wa'azi nake nema ba, domin mun san haramun ne, shi ma ya sani, kuma hawaye yake yi duk lokacin da aka zaunar da shi.

Abu_Sumayya:
Wa alaikumus salam. Allah ya shirye shi, ya ba ku haƙuri. Ni dai a ganina wanda ya iya yin wata uku bai sha ba, jikinsa ya riga ya rabu da abin, saboda haka komawar da ya yi ganganci ne da raunin niyya. Da ya ƙudura a ransa tsakaninsa da Allah, babu abin da zai mayar da shi. Ku daina lallashinsa, ku nuna masa ɓacin ranku sosai.

Tsohon_Direba_Kurna:
Malam Abu_Sumayya, ka yi haƙuri, amma maganarka maganar wanda bai taɓa shiga ruwan ba ce. Ni na sha tiramol shekara biyar ina tuƙin adaidaita sahu, kuma yau shekarata shida rabona da ita, alhamdu lillahi. Kafin wannan dainawar na daina sau biyu na koma, kuma wallahi a duka biyun niyyata ba ta fi ta yau rauni ba.

Mutane suna ɗauka makon farko ne yaƙin. Makon farko azaba ne, babu shakka: ƙasusuwa suna ciwo kamar an doke ka da taɓarya, gumi, gudawa, hamma, hanci yana zuba, dare ya raba ido biyu. Amma wannan azaba tana da iyaka, kuma a lokacin kowa a gida yana tsaye a kanka. Abin da ya kayar da ni sau biyu ya zo ne bayan an daina tsayawa a kaina, jiki ya yi sauƙi, an ce ai ya warke. Na fito da babur da asuba kamar kullum, na tsaya wajen mai shayin da na saba, na ga mutanen da na saba, ƙanshin wurin ya doki hancina, sai na ji wata irin ƙishirwa ta taso mini daga ciki wadda ban ji irinta ba tsawon makonni. Ban fito daga gida da niyyar sha ba. Hannuna ne ya miƙa kuɗin tun kafin tunanina ya iso wurin.

A karo na uku ban ƙara komai a kan niyya ba, tsarin rayuwata na rushe. Na bar layin da nake bi na koma wani, na jefar da layin wayata saboda dila yana da lambata kuma shi yake kirana idan ya kwana biyu bai gan ni ba, na daina karyawa a waje, kuma na roƙi wani dattijon maƙwabcina ya riƙa karɓar cinikina kullum da yamma yana ba ni na mai da na cefane kawai. Wata bakwai na yi ba na kwana da kuɗi a aljihu. Yaya mai tambaya, ka bincika mini abu ɗaya: ranar da ƙanenka ya koma, ina ya je, da wa ya zauna, kuma nawa ne a aljihunsa?

Ma'aikaciyar_Jinya_Tarauni:
Ina goyon bayan abin da Malam Direba ya faɗa, kuma zan ƙara da abin da ya shafi lafiya, domin a nan ne iyalai suke yin kuskuren da kan jawo asarar rai.

Tiramol da kodin dangi ɗaya ne, kuma idan mutum ya daɗe yana sha, ƙwaƙwalwa takan saba da su har ta rage yin aikin da take yi da kanta wajen kwantar da ciwo da kawo nishaɗi. Wahalar jiki takan fara cikin yini guda bayan an yanke, ta tsananta a kwana na biyu da na uku, ta lafa cikin mako guda ko kwana goma. Amma rashin barci, da mutuwar jiki, da jin cewa babu abin da ke da daɗi a duniya, suna iya ɗaukar watanni. Wannan ba raunin imani ba ne, ƙwaƙwalwa ce take komawa daidai a hankali.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe. Wanda ya yi wata uku bai sha ba, jikinsa ya daina jure adadin da yake jurewa a da. Idan ya koma ya sha daidai abin da ya saba sha, numfashinsa yana iya tsayawa. Saboda haka ƙanenka ya fi shiga haɗari a wannan makon fiye da lokacin da yake sha kullum. Ƙari a kan haka, tiramol da aka amince a yi amfani da ita a asibiti mai miligiram 50 ce da mai 100, wadda ake sayarwa a lungu kuwa sau da yawa mai 225 ce, kuma tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Sannan ku tambaye shi ko yana haɗawa da ƙwayoyin barci irin su diyazefam ko roci, domin waɗannan ba a yanke su lokaci guda. Yin haka kan jawo jijjiga mai haɗari, sai dai likita ya riƙa ragewa kaɗan-kaɗan.

Akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai kuma sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, kuma hukumar NDLEA ba kamu kaɗai take yi ba, tana da sashen ba da shawara da gyaran hali. Na san abin da ke hana mutane zuwa shi ne kada a ce ɗansu ya haukace. To amma likita ne kaɗai zai duba ko akwai ciwon damuwa a ƙarƙashin shan, wanda idan ba a magance shi ba, mutum zai yi ta dainawa yana komawa.

Malam_Na_Dala:
Mai tambaya ya ce ba wa'azi yake nema ba, kuma na fahimci abin da yake nufi, amma ina roƙon ya ba ni dama in faɗi abin da addini ya koyar a kan hanyar dainawa, ba a kan hukuncin ba. Allah da ya halicci ɗan Adam bai haramta giya rana ɗaya ba. A Suratul Baƙara aya ta 219 an fara bayyana cewa zunubinta ya fi amfaninta, a Suratun Nisa'i aya ta 43 aka hana kusantar salla cikin maye, sai a Suratul Ma'ida aya ta 90 aka yanke hukunci. Ba ina cewa yau an yarda mutum ya riƙa sha kaɗan-kaɗan ba, hukunci ya riga ya tabbata. Abin lura shi ne an gina zukata da jama'a tukuna, sa'annan aka ce a bari, kuma da aka ce a bari gari guda ne ya bari tare, ba mutum ɗaya a cikin masu sha ba.

Kuma ya tabbata a hadisi cewa akwai wani mutum da aka sha kawowa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Da wani ya tsine masa saboda yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya hana sahabbai su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Malam Abu_Sumayya, ɓacin rai yana da muhallinsa, amma yaron da ya daina sau uku da kansa yana kan hanyar tuba ne, kuma idan aka rufe masa ƙofar gida, ƙofar dila ba ta rufuwa.

Abu_Sumayya:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara a kan tsinuwa da kora, ba su nake nufi ba. Amma har yanzu ina da damuwa guda. Idan muka riƙa ce wa yaro ciwo ne yake damunka, ba laifinka ba ne, ƙwaƙwalwarka ce, anya ba mu ba shi abin fakewa ba? Na ga matasa a unguwarmu da suka haddace wannan magana, da zarar an yi musu faɗa sai su ce ai lalura ce.

Ma'aikaciyar_Jinya_Tarauni:
Mai ciwon suga ma lalura gare shi, amma ba a ɗauke masa nauyin kiyaye abin da yake ci da shan maganinsa ba. Kiran abin da sunan ciwo ba ya cire alhaki, yana nuna inda alhakin yake: zuwa asibiti, faɗin gaskiya, da guje wa wuraren da ya san suna kayar da shi. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan koma aƙalla sau ɗaya, kuma ba ta ɗauki hakan a matsayin maganin ya gaza ba, sai dai alamar a gyara tsarin a ci gaba.

Wanda_Allah_Ya_Tserar:
Ni maganar kawunku ce ta hana ni wucewa. Ina da shekara 19 aka kai ni wani gidan mari, ba zan faɗi inda yake ba. Na yi wata goma sha ɗaya da ƙarfe a ƙafata, har yau tabon yana nan. Gaskiya ne ban sha komai ba a tsawon lokacin, domin babu. Amma babu ranar da wani ya zauna ya tambaye ni me ya sa na fara, kuma abin da na koya a wurin shi ne yadda zan ɓoye abin da ke raina don in tsira daga bulala. Ranar da aka sallame ni, kafin la'asar na sha, kuma na sha ne da fushi, ina ganin na rama abin da aka yi mini. Sai bayan shekara uku na daina, ta dalilin wata yayata da ta riƙa raka ni asibiti duk ranar da aka ba ni, ba ta taɓa fasawa ba ko da ranar da na zage ta.

Kun tuna a watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu cikin sarƙa, daga nan aka bi irin waɗannan gidaje a Katsina da Daura, mu ma a Kano gwamnati ta ba da umarnin rufe su. Don Allah, Yaya, kada ku kai shi inda za a ɗaure shi.

Alhaji_Ƙofar_Mata:
Ɗana, na tausaya maka ƙwarai, kuma ban yarda da dukan ɗan mutum kamar jaki ba. Amma ina so masu ilimin cikinku su ba ni amsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uban da ɗansa ya sayar da keken ɗinkin uwarsa, ya ɗaga wuƙa a kan ƙanwarsa, aka je asibiti aka ce babu gado ko aka faɗi kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, ina zai kai shi? Iyayen da suka kai 'ya'yansu gidajen mari ba ƙin su suke yi ba, rasa yadda za su yi suka yi. An rufe gidajen, to me aka buɗe a madadinsu da zai ɗauki yawan yaran nan? Na san da cibiyar gyaran hali ta Kiru, amma cibiya nawa ce za ta ishi jiha kamar Kano?

Wanda_Allah_Ya_Tserar:
Baba, ban zargi mahaifina ba, kuma mun daɗe da yafe wa juna. Tambayarka gaskiya ce, ba ni da amsarta. Abin da na sani kawai shi ne yaron da ake magana a kansa bai ɗaga wa kowa wuƙa ba, kuka yake yi, kuma irinsa idan aka ɗaure shi ana iya rasa wannan kukan ma.

Ummu_Khalil:
Ni kuma shawarar gwaggo ce zan yi magana a kanta, domin ni ce irin yarinyar da ake ɗaurawa a matsayin magani. An aurar da ni ga wani wanda danginsa suka san yana sha suka ɓoye mana, suna fatan aure zai gyara shi. Wata biyu na farko lafiya lau, daga nan kayan ɗakina suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda na kai wa kuka sai ya ce in yi haƙuri, ni ce zan shiryar da shi. Na fito bayan shekara huɗu da 'ya'ya biyu da hawan jini. Ba na yi masa mugun fata, uban 'ya'yana ne, kuma na ji an ce yanzu yana neman magani. Amma aure nauyi ne, wanda kuwa yake shan ƙwaya don ya gudu daga nauyi, idan aka ƙara masa wani me ake tsammani? Ku bari ya tsaya da ƙafarsa tukuna, kuma in lokacin ya yi ku gaya wa iyayen yarinyar gaskiya, su zaɓa da idonsu a buɗe.

Sannan a daina magana kamar samari ne kaɗai. Akwai matan aure a cikin gidajen nan da ake zuba musu kodin a lemo a wajen biki har su saba, kuma su ba su da ko damar da wannan yaron yake da ita, domin ranar da asirinsu ya tonu saki ne zai biyo baya, ba asibiti ba.

Ɗalibin_Bayero:
Maganar Hajiya tana da tushe. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye a cikin shekara guda a Najeriya, ba a haɗa da giya da sigari ba, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A jihar Kano an ƙiyasta kashi 16 cikin ɗari, wato sama da mutum miliyan ɗaya.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne labarin Malam Direba, domin ya yi daidai da wani bincike da aka yi a kan sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam. Wata mai bincike, Lee Robins, ta gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na sojojin sun kamu da hodar heroin a can, amma da suka koma gida, kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake kamuwa a shekarar farko. Mutanen nan ba a canza musu zuciya ba, wuri da abokai da yanayi ne suka canza. Sabo yakan ɗaure kansa ne a jikin wani lokaci, ko wani wuri, ko wata fuska.

Kuma maganar da ake yaɗawa cewa kwana 21 ya isa a sauya ɗabi'a ba ta da ƙarfi. Wani bincike da aka yi a wata jami'a a Landan, aka wallafa a 2009, ya samu cewa sabuwar ɗabi'a takan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zauna, wasu kwana 18, wasu har 254, kuma wannan a kan ƙananan abubuwa ne irin su shan ruwa bayan karin kumallo, ba ƙwaya ba.

Malam_Na_Dala:
Ɗalibi, ka tuna mini da hadisin mutumin da ya kashe rai 99 ya cika na ɗari, sannan ya nemi tuba. Malamin da ya ba shi fatawa bai tsaya a kan cewa ƙofar tuba a buɗe take ba, sai da ya umarce shi ya bar garinsu ya koma inda mutanen kirki suke. Hausawa ma sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Mai_Shago_Kwari:
Ku gafarce ni in karkata kaɗan, domin abin da kuke faɗa ya taɓa ni ko da yake ban taɓa shan ko sigari ba. Ni cacar ƙwallo ta waya ce ta kama ni shekara biyu. Babu wari, babu jan ido, ina sahun gaba a masallaci, amma jarina yana zurarewa, kuma kowane dare sai in rantse na daina, da yamma idan an fara wasa in ga yatsana ya buɗe manhajar. Ban kuɓuta ba sai da na koma ƙaramar waya mai madannai na tsawon wata biyar, na daina zuwa gidan kallo, na kuma gaya wa abokin cinikina gaskiya ya karɓi lissafin shagon. Faɗin gaskiyar nan ya fi komai wuya, amma daga ranar ne abin ya fara sakina.

Bintu_Hotoro:
Ni ma haka nake fama da waya, sai ƙarfe biyun dare ina kan TikTok, asuba ta wuce ni. Na san bai kai ƙwaya ba, amma na gwada barin wayar a ɗakin mahaifiyata da daddare kuma na ga canji.

Mai_Kemis_Fagge:
Muna ta magana a kan mai sha, ba mu taɓa mai sayarwa ba, alhali ni a cikin sana'ar nake. A watan Mayu na 2018, bayan binciken da BBC ta fitar, gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A 2024 kuma aka rufe shagunan magani na Sabon Gari aka ce masu sari su koma kasuwar magani ta Dangwauro a kan hanyar Zariya, inda hukuma za ta iya sa ido. Matakan nan sun yi amfani, ba na musu. Amma abin da na gani da idona shi ne kwalba ta yi tsada, ba ta ɓace ba, kuma yaron da kuɗinsa bai kai ba sai ya koma sholisho ko wani haɗin da ba a san me ke ciki ba. Duk mai kemis a unguwa ya san yaran da ke zuwa ba da takardar likita ba. Ni na zaɓi in ce babu, na rasa ciniki, wani a layin baya ya samu.

Tsohon_Direba_Kurna:
Duk wannan gaskiya ne, amma kafin gwamnati ta gama da dilolin Kano yaron nan yana buƙatar ya kwana lafiya yau. Yaya mai tambaya bai ba ni amsa ba har yanzu.

Yayan_Gida_Gwale:
Ku yi haƙuri da jinkirina, na bari ne sai na zauna da shi. Jiya bayan isha'i na ɗauke shi muka fita mu biyu, ban yi masa faɗa ba, na yi masa tambayoyin Malam Direba kamar yadda ya jero su. Ashe a watannin da ya daina, yana taya wani maƙwabcinmu kiwon ragunan layya, tun safe har dare yana cikin hidima. Da aka yi salla aka sayar da raguna, aka ba shi kasonsa, aikin ya ƙare. Ya wayi gari da kuɗi a hannu, babu inda za shi, sai ga bikin wani tsohon abokinsa na wajen lodi. Ya ce ya je ne da niyyar ya yi Allah ya sanya alheri ya dawo. Ya kuma ce bayan ya sha ta farko, abin da ya sa ya ci gaba shi ne tunanin cewa ya riga ya ɓata komai, kuma ba zai iya kallon idon mahaifiyarmu ba. Mako shida ke nan yana ɓoyewa, ni kuwa ina gida ɗaya da shi ban lura cewa ba shi da abin yi ba.

Na tambaye shi maganar ƙwayar barci kamar yadda Malama ta ce, ya amsa cewa yana shan roci idan barci ya ƙi zuwa. Ya yarda mu je asibiti ranar Litinin. Abin da ya roƙe ni shi ne kada in gaya wa mahaifiyarmu, domin har yanzu ita ba ta sani ba, kawu da gwaggo kaɗai na gaya wa. A nan ma ina neman shawara.

Ma'aikaciyar_Jinya_Tarauni:
Tun da akwai roci a ciki, kada ya yanke komai da kansa kafin Litinin, kuma kada ya haɗa ta da tiramol ko kodin a lokaci guda, domin haɗuwarsu ce take danne numfashi. A samu mai kwana ɗaki ɗaya da shi. Idan kuka ga barcinsa ya yi nauyin da ba ya tashi, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko leɓɓansa sun canza launi, ku kwantar da shi a gefensa ku garzaya asibiti, kada ku tsaya ba shi madara ko manja. Ku tafi da katin ƙwayar da ka tsinta don likita ya ga ƙarfinta.

Ummu_Khalil:
A gaya mata. Ɓoye-ɓoye ne ya cuce ni, kuma uwa tana ji a jikinta ko ba a faɗa ba. Idan ta ji daga bakin gwaggo, zafin zai zama biyu.

Wanda_Allah_Ya_Tserar:
Ni ina ganin a bar shi ya faɗa mata da bakinsa, bayan ya fara zuwa asibiti, don ya zo mata da laifin da kuma matakin da ya ɗauka a tare. Wannan ne karo na farko da ya buɗe wa wani cikinsa. Idan Yaya ya karya alƙawarin tun a makon farko, ba lallai ya sake faɗa masa gaskiya ba.

Abu_Sumayya:
Na ji labarin ragunan, kuma na yarda akwai abin da ban hango ba da farko. Duk da haka ina nan a kan cewa a nuna masa zuwa bikin nan zaɓinsa ne, don gobe idan aka sake gayyatarsa ya san inda ya taka ya faɗi.

Alhaji_Ƙofar_Mata:
Tambayata a kan yaran da suka fi ƙarfin iyayensu tana nan, babu wanda ya amsa ta, kuma zan sake kawo ta wani lokaci. Amma shi wannan, tun da hannunsa ya saba da dabbobi, ina da ɗan'uwa mai kiwon shanun madara a wajen gari ta hanyar Gwarzo, yana neman mai taimaka masa, kuma wurin kwana yana nan. Ku fara jin abin da likita zai ce a kan nisa da ranakun dawowa asibiti. Ɗana mai tambaya, ka same ni ta saƙo bayan Litinin, kuma ka zo da shi in gan shi da idona kafin in yi wa ɗan'uwan nawa magana.